Kura da Shan Bugu: Wa Ke Biyan Kuɗin Kare Muhalli?

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a bakin masu nazarin kasuwa, wai mutanen ƙasashe masu tasowa ba su damu da muhalli ba, araha kawai suka sani. Hujjar ba ta wuce wannan ba: an ajiye wa mutum sabulu biyu, ɗaya da tambarin koren ganye da ƙarin kuɗi, ɗaya babu tambari, sai ya miƙa hannu ya ɗauki mai sauƙin kuɗin. Daga nan a rubuta cewa akwai ƙarancin wayewa, a ba da shawarar a ƙara wayar da kan jama'a. Ni ban yarda da wannan karatun ba. Mutumin da ya ɗauki mai arahar ya yi lissafi ne, kuma lissafinsa daidai ne gwargwadon abin da ke aljihunsa. Tambayar da ya kamata a yi ita ce: kuɗin tsabtace hanyar da kaya ke bi, daga gona ko ramin ma'adini har zuwa hannun mai saye, wa aka ɗora wa?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020 kaɗai, kuma fiye da mutum biliyan 2 har yanzu da itace, gawayi, kashin shanu ko kananzir suke dafa abinci. Matar da ke durƙushe gaban murhu, idanunta sun yi ja, tana fifita wuta da goyo a baya, ba ta bukatar wani ya zo daga nesa ya sanar da ita cewa hayaƙi cuta ne. Ta ji shi a ƙirjinta. A 2022 ambaliya ta shafi mutum kusan miliyan 33 a Pakistan, ta kashe fiye da 1,700, alhali abin da ƙasar ke fitarwa na hayaƙin da ke dumama duniya bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Nahiyar Afirka kacokan rabonta bai wuce kashi 4 ba. Waɗanda ake cewa ba su damu ba, su ne ɓarnar ta fi samu a gida.

Tarihi ma bai goyi bayan zargin ba. A 1973 mutanen ƙauyukan tsaunukan Himalaya a Indiya suka fara tsayawa tsakanin gatari da bishiya, gwagwarmayar da aka sani da Chipko, kuma mata ne suka zama ƙashin bayanta. A 1977 Wangari Maathai ta fara tara matan karkara a Kenya suna dasa itatuwa, aikin da ya kai ta ga lambar yabo ta Nobel a 2004. A 1988 aka harbe Chico Mendes a Brazil saboda ya tsaya kare dajin Amazon da masu tsagar roba ke ci daga jikinsa. Ko a batun leda, Bangaladash ce ta fara haramta siririyar leda a 2002, bayan an ga yadda ta toshe magudanun ruwa lokacin manyan ambaliyoyi. Ruwanda ta bi sahu a 2008, Kenya a 2017 da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 4. Duk waɗannan sun riga dokar Tarayyar Turai kan robobin amfani sau ɗaya, wadda sai a 2021 ta fara aiki.

Akwai kuma abin da ba a lissafawa ko kaɗan, domin ba shi da tambari. Ka tsaya gaban teburin mai gyaran waya a kowane babban birni na ƙasashe masu tasowa ka ga aiki. Ga tarin matattun wayoyi a akwati, ya zaro sikirin daga wannan, ya ciro wurin caji daga waccan, ya ɗora ɗigon dalma da bakin ƙarfe mai zafi, wayar da a wata ƙasa da tuni tana cikin shara ta sake yin shekara biyu a hannun mai ita. Rigar wa ta koma ta ƙane, galan ya zama bokiti, tsohuwar taya ta zama takalmi. Masu tsintar robobi da ƙarafa a bola su ne ke riƙe da mafi yawan aikin sake sarrafa shara a irin waɗannan birane, ba albashi, ba safar hannu. A manyan taruka ana ba wannan tsarin sunaye masu daɗin ji, ana cewa shi ne makomar tattalin arziki. Talaka ya daɗe a cikinsa. Ban ce don son muhalli kaɗai yake yi ba, larura ce, amma sakamakon ɗaya ne: abin da yake ɓarnatarwa bai kama ƙafar na mai wadata ba.

To me ya sa kaya masu tambarin kare muhalli ba sa tafiya? Wasu suna tafiya, har da gudu. Dubi sola. Farashin allon sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma da ya faɗi ba a bukaci wa'azi ba. A Bangaladash wani shiri na biya kaɗan-kaɗan ya kai ƙananan na'urorin sola gidaje fiye da miliyan 4 daga 2003 zuwa 2018. A gabashin Afirka kamfanoni irin su M-KOPA suka ɗauki dabarar biya ta waya, kullum ɗan abin da da ma za a kashe a kananzir. A Pakistan, da kuɗin wutar gwamnati ya yi tashin gwauron zabi, sai masu gidaje da manoma da masu masana'antu suka juya baya, ƙasar ta shigo da allunan sola masu ƙarfin kusan gigawat 17 a shekarar 2024 kaɗai. Ba taron ƙasa da ƙasa ne ya sa su ba. Sun ga abin ya fi sauƙi, ya fi tabbas, suka saya. A Indiya ma masu keke mai ƙafa uku da yawa sun koma na lantarki da kansu, saboda abin da ke saura a aljihu da yamma ya fi yawa. Gani ya kori ji.

Amma akwai wani tabo da ke hana mutane sakin jiki, kuma ni ma ina ɗauke da shi. Na taɓa sayen fitila mai caji da rana. A jikin kwalinta an zana rana da ganye, an rubuta alkawarin shekaru. Wata uku ba su cika ba batirin ya kumbura, hasken ya koma kamar na ƙwaro. Na buɗe ta na ga wayoyin ciki sirara kamar gashi, babu inda za a samu batirin canji, babu wanda za a koma wa. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne. Maƙwabcin da na yi ta kwaɗaita wa irin fitilar ya ga abin da ya faru, ya koma kan aci-balbal ɗinsa da hujja a hannu. Jabun kaya guda ɗaya yana kashe kasuwar na gaske guda goma. Kuma wannan rashin yarda ba ƙauyanci ba ne, domin manya ma sun yi ƙarya: a 2015 aka gano cewa Volkswagen ya sa wa motocin dizal kusan miliyan 11 manhajar da ke ɓoye yawan hayaƙinsu lokacin gwaji, motocin da aka tallata da sunan masu tsabta. In hukumomin Amurka da Turai sun sha wannan yaudara shekara da shekaru, me zai sa mai ƙaramin ƙarfi ya amince da hoton ganye a jikin kwali?

Wannan duk ɓangaren mai saye ne. Inda maganar ta fi nauyi shi ne ɓangaren mai samarwa, domin ƙasashe masu tasowa su ne tushen sarƙar: su ke noma, su ke haƙa, su ke ɗinki.

A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar hana shigo da kayan da aka sare daji don samar da su. Ta shafi abubuwa bakwai: shanu, koko, gahawa, manja, robar da ake tatsa daga itace, waken suya da katako. Duk mai son sayar da su a kasuwar Turai sai ya nuna cewa ba daga filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disamba 2020 suka fito ba, kuma sai ya ba da ainihin wurin da gonar take a taswirar tauraron ɗan'adam. In gonar ta wuce hekta 4, sai an zana iyakarta gaba ɗaya. Manufar tana da kyau, ba na jayayya. Kodebuwa ta rasa mafi yawan dajinta tun daga 1960, kuma noman koko yana da babban hannu a ciki. Amma ka kwatanta abin a ƙasa. Manomi ne mai hekta biyu, ya gaji gonar daga mahaifinsa, ba shi da takardar mallaka domin a ƙauyensu ba da takarda ake sanin iyaka ba. Wani ma'aikaci ya zo da waya, suka zagaya gonar suna ɗaukar alama, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Kokonsa kuma ba kai tsaye yake tafiya ba. Ɗan sari ne ke bi gida-gida a babur yana haɗa buhu daga gonaki goma, ya kai wa dillali, dillali ya kai rumbu. Yanzu an ce kowane buhu sai an san asalinsa. Wa zai biya ma'aikacin taswira? Wa zai biya rarrabe buhuna? Babban kamfani yana da hanya mai sauƙi: ya bar ƙananan manoma da wahalar bin diddigi ta yi yawa a kansu, ya koma wajen manyan gonaki masu takardu. Ƙaramin manomin gahawa a Habasha ko na manja a Indonisiya, wanda bai taɓa sare ko reshe ba, yana iya rasa kasuwa don kawai ba shi da hujjar da kwamfuta za ta karanta. Shi ya sa a watan Satumba 2023 ƙasashe 17 daga Latin Amurka, Afirka da Asiya suka rubuta wa Tarayyar Turai takardar koke, kuma daga baya aka ɗage ranar fara aiki da dokar daga ƙarshen 2024.

Abin da ke ba ni takaici shi ne rabon kuɗin. Ghana da Kodebuwa suna noma fiye da rabin kokon duniya, amma an daɗe ana ƙiyasin cewa abin da ke isa hannun manomi daga kuɗin sandar cakulan bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Tambarin da ke jikin takardar cakulan yana ƙara wa kamfani daraja a idon mai saye a Jamus ko Faransa, aikin cika sharuɗɗan kuwa yana kan wanda ya fi kowa ƙaramin rabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In wannan manomin ya ji kalmar "kare muhalli" ya yamutsa fuska, ba dajin yake ƙi ba. Ya gane cewa an ƙara masa kaya ba a ƙara masa guzuri ba.

Haka abin yake a masaƙu. Bangaladash ce ta fi kowace ƙasa yawan masana'antun tufafi masu takardar shaidar gini mai kiyaye muhalli ta LEED, sun haura 200. Masu su sun zuba jari a tace ruwan rini, da fitilu marasa shan wuta, da sola a rufi. Kukan da suka daɗe suna yi shi ne masu sayen kaya daga waje suna yaba ginin, amma in an zo ciniki sai su matsa farashi kamar yadda suke matsa wa kowa. Mafi ƙarancin albashin mai ɗinki a can, bayan ƙarin 2023, taka 12,500 ne a wata, ɗan sama da dala 100. A Kwango kuwa, inda kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya ke fitowa, wani ɓangare nasa mutane ne ke haƙo shi da hannu a ramuka marasa tokari, don a yi batirin motar lantarki da za ta tsabtace iskar wani birni mai nisa. Ga kuma harajin hayaƙi na kan iyaka da Turai ta fara gwajinsa a Oktoba 2023 kan ƙarfe, siminti, alminiyom, takin zamani, lantarki da haidirojin. Ƙasar da ba ta samu rance mai sauƙi ta sauya injinanta ba, za ta biya a bakin iyaka.

Sannan mutane suna da ido, suna ganin abin da ake turo musu. A 2006 aka zubar da dattin guba daga jirgin ruwan Probo Koala a sassan birnin Abijan, fiye da mutum 100,000 suka nemi magani. Da Sin ta rufe ƙofarta ga sharar robobi a 2018, sai kwantenoni suka karkata zuwa Malesiya, Indonisiya, Biyetnam da Turkiyya. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsofaffin motoci miliyan 14 aka fitar daga Turai, Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kusan kashi 80 cikin 100 zuwa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, da yawansu ba za su tsallake gwajin hayaƙi a inda suka fito ba. A kasuwar Kantamanto ta Akara, dilolin gwanjo na isowa kowane mako, mai sari ya yanka igiya bai san abin da ke ciki ba, abin da ba ya sayuwa ya ƙare a kwata da bakin teku. Da Ruwanda ta tsaya kan ƙarin haraji ga gwanjo don ta raya masaƙunta, Amurka ta dakatar da rangwamen da tufafinta ke samu ƙarƙashin AGOA, shirin sassauta haraji ga kayan Afirka masu shiga Amurka, a 2018. Wanda ya ga duk wannan, sannan aka zo ana yi masa lacca kan tsabtar sarƙar kaya, yana da haƙƙin ya tambaya ko tsabtar ta hanya ɗaya ce. Ga alkawarin dala biliyan 100 duk shekara da ƙasashe masu arziki suka ɗauka a Kopenhegen a 2009 don taimaka wa masu tasowa kan sauyin yanayi, wanda ya kamata ya cika a 2020, amma ƙungiyar OECD, wadda mafi yawan mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ta ce sai a 2022 aka kai adadin, kuma mafi yawansa bashi ne.

Sai dai laifi tudu ne, kuma ba zan taka namu in hango na wasu kaɗai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwantenar shara ba ta sauka a tashar jirgin ruwa sai da sa hannun wani jami'in gida. Jabun fitila ba ta cika kasuwa sai da hukumar kula da ingancin kaya ta kau da kai. Akwai shugabannin da ke ɗaga tutar talauci a taron duniya, su dawo gida su ba ɗan uwansu lasisin sare gandun daji. Dokar leda a Bangaladash, duk da ita ce ta farko, ta yi shekaru tana kwance a takarda, leda ta dawo kasuwa kamar ba a taɓa hana ta ba, domin ba a samar da madadi mai araha ba. Kuma akwai gaggawar da ta fi rashin yi muni. A watan Afrilu 2021 gwamnatin Gotabaya Rajapaksa a Sri Lanka ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, ta ce ƙasar za ta koma noman gargajiya zalla. Ba a shirya manoma ba, ba a tanadi takin da zai maye gurbi ba. Amfanin shinkafa da na ganyen shayi ya faɗi, kafin ƙarshen shekarar aka janye dokar, a Yulin 2022 kuma shugaban ya tsere daga ƙasar a tsakiyar rikicin tattalin arziki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Manomin da ya yi asarar damina guda saboda wannan, zai daɗe kafin ya sake sauraron mai maganar noma maras sinadari, ko da gaskiya yake faɗa.

Ina da dalilin da ya sa ban yanke ƙauna ba, kuma dalilin ya fito ne daga wani bala'i. A ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka, babban birnin Bangaladash, ya kashe mutum fiye da 1,100, mafi yawansu masu ɗinka tufafin da ake sayarwa a Turai da Amurka. Kafin nan ma akwai masu binciken masana'antu, akwai takardun shaida, akwai kyawawan alkawura a rahoton shekara. Abin da ya bambanta bayan nan shi ne yarjejeniyar kare gini da gobara da aka ƙulla a watan Mayu na shekarar, wadda kamfanoni fiye da 200 suka sa wa hannu tare da ƙungiyoyin ƙwadago. Yarjejeniyar tana da haƙori: ana iya kai wanda ya karya ta gaban masu sasanci, kuma ta wajabta wa mai sayen kaya ya tabbatar masana'anta tana da halin yin gyaran. Sai aka ga ƙofofin gudun gobara, aka ga an sauya wayoyin wuta, aka ga an ƙarfafa ginshiƙai a ɗaruruwan masana'antu. Batun tsaron rai ne, ba na muhalli ba, amma darasin aikin ɗaya ne. Da aka ɗaure mai kuɗin da igiya ɗaya da mai aikin, gyara ya yiwu.

Irin wannan nake so a yi wa batun muhalli. Kamfanin da ke son koko maras sare daji ya biya kuɗin taswirar, ya bar wa manomi da ƙungiyarsa mallakar bayanan, ya kuma ƙulla cinikin shekaru da shi don ya san in ya dasa itatuwan inuwa a gonarsa akwai mai saye gobe. Ghana da Kodebuwa sun nuna hanya a 2019 da suka haɗa kai suka ɗora ƙarin dala 400 kan kowane tan don rayuwar manomi, ko da yake wasu masu saye sun yi ta neman zaftare shi ta wata ƙofar. Kuɗin da harajin hayaƙi zai tara a kan iyakar Turai, wani kaso nasa ya dawo ya sauya injinan ƙasashen da aka karɓa daga hannunsu. Gwamnatocin ƙasashe masu tasowa kuma su yi nasu aikin, wanda ba wanda zai yi musu: su gwada kayan da ke shigowa a tashar jirgi, su tilasta garanti da kayan canji, su sa iyaka ga shekarun motar da za a shigo da ita kamar yadda Kenya ta tsayar da shekara 8, su ɗauki masu tsintar shara a matsayin ma'aikata masu haƙƙi. Bankuna su ba da bashin murhun gas ko na lantarki a biya kaɗan-kaɗan, yadda aka yi da sola, domin matar nan mai goyo a baya ba tayin tsabta ta ƙi ba, kuɗin tukunyar gas a dunƙule ne ba ta da shi.

Na sake sayen wata fitilar daga baya. Wannan karon sai da na tambayi ko batirinta na cirewa ne, na kuma nemi takardar garanti a rubuce. Ta fi ta farko tsada, kuma na yi jinkirin watanni kafin in iya haɗa kuɗinta. Yau shekararta ta uku, sau ɗaya na canja mata batir. Maƙwabcin nan ya zo ya ɗauke ta, ya juya ta, ya buɗe murfin baya ya duba, sannan ya tambaye ni ko ana bayar da ita a biya sau uku.